Ranar da Likitan Ƙasa Ya Dafa Ma'aikatansa

Duk wanda bai taɓa ganin Likitan Ƙasa yana fitowa daga mota ba, bai san yadda ilimi yake tafiya da ƙafa biyu ba. Ƙafar dama yake fara saukewa, ya tsaya ya duba inda za ta taka, sannan ta hagu ta biyo a hankali. Shekara goma sha ɗaya yana shugabantar cibiyarmu ta binciken ƙasar noma, kuma Allah shaida ne, a duk tsawon shekarun nan ƙasa ba ta taɓa samun alfarmar taɓa takalminsa ba. Daga inda mota ke tsayawa har ƙofar ofis siminti ne, shi ya sa aka zuba. In ya gaisa da manomi, kafin manomin ya gama juya baya ya zaro 'yar kwalbar man tsabtace hannu daga aljihun kwat. Ban-ɗakinsa ma nasa ne shi kaɗai, mabuɗi ɗaya tak, kuma ya kafa doka kada kowa ya gifta ko ta bayan ginin.

Mu muka raɗa masa sunan, mu manyan ma'aikatansa bakwai, kowa da digirinsa. Da zolaya muka fara, a bayan idonsa. Ranar da sunan ya kai kunnensa, sai ya sa aka rubuta shi a ƙofar ofis da ruwan zinare. Mu ne kuma muka riƙe wa mai rubutun tsani.

Cibiyar tana jikin wani tsohon kamfanin batir da ya daɗe da rufewa, ya tafi ya bar wa unguwa gadon gubar dalma a cikin ƙasa. Fili ne fetal, tun daga katangar kamfanin har cikin harabarmu. In ka shuka masara sai ta leƙo, ta yi rawaya, ta kwanta. Masu lambun unguwar sun yi ta zarya suna tambayar magani, mu kuma muna yi musu bayani da manyan kalmomi har su gaji su tafi.

Wadda ta ɗauki abin da gaske ba ta cikinmu bakwai. Ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce, wadda muke kira Uwar Kwalabe. Ita ta lura da wata ciyawa mai taurin kai da ke tsiro a gindin katangar kamfanin, inda komai ya ƙi. Ta tone ta, ta duba saiwar, ta tarar da wasu ƙwayoyin bakteriya manne a jiki, irin halittun nan da ido ba ya gani. Ba masu sa ciwo ba ne. Aikinsu su riƙe dalma kada ta illata saiwa, su kuma taimaka wa tsiron ya samu abinci. Shekara uku tana kiwonsu a kwalabe, cikin wani ruwa mai duhu-duhu mai wari kamar safar da ta yi mako a ƙafa. Duk tukunyar gwajin da ta zuba wa ruwan, masararta sai ta tashi koriya shar.

Likitan Ƙasa ya karanta rahotonta, wato shafin farko. Daga ranar ƙwayoyin suka zama nasa.

"Ku duba nan," in ji shi a taron ma'aikata, yana nuna ƙirjinsa da biro. "Wane shugaba ne yake da ma'aikata biliyan uku? Ba sa hutu, ba sa yajin aiki, ba sa gulma. Ni na gano su, ni na hore su, kuma tarihi ba zai yi mini rowa ba."

Muka tafa. Wallahi har hannunmu ya yi ja.

Bai tsaya nan ba, ya rubuta wa hukumar da ke yi wa irin waɗannan halittu rajista, ya nemi a sa musu sunansa. Suka amsa cewa ba matsala, ya aiko da samfurin ƙwayoyin da ransu, su kuma su aiko masa da takardar shaida. Wannan takarda ita ta hana bawan Allah sakat. Tun ba a aika komai ba ya sayi firam ɗin da zai saka takardar, ya sa an buga ƙusa a bangon ofis daidai saitin idon mai shigowa. Kullum in ya zauna sai ya kalli ƙusar ya yi murmushi. Sannan ya gayyato manyan baƙi su zo su ga ranar da zai warkar da filin da hannunsa.

Ana gobe taron ya aiki Uwar Kwalabe wurin masu buga ƙyallen sanarwar taron, wai sun manta ɗaya daga cikin digirorinsa. Tana fita, sai ga shi a ɗakin gwaji, karo na farko a shekara huɗu. Bai yi taku uku ba ya toshe hanci da hankici.

"Wannan ƙazantar fa?"

"Ranka ya daɗe, ai su ne ma'aikatan," in ji ɗayanmu.

"Ma'aikatana? A haka? Su fita gaban baƙi da wannan dauɗa da wari? Kimiyya tsabta ce, malamai. A sa su a tukunya a tsarkake su, a tace, a zuba a kwalabe masu ƙyalli. Ina son ruwan da mutum zai ga fuskarsa a ciki."

Tukunyar da yake nufi wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe ce da muke turara kayan aiki a ciki. Amfaninta guda ɗaya ne a duniya: duk wani abu mai rai da ya shiga, ya fito matacce. Ɗalibin da ya yi mako biyu a makaranta ya san haka. Mu bakwai mun sani, har akwai wanda ya rubuta littafi a kai. Muka kalli juna. Ɗaya ya yi tari, ɗaya ya hau gyara tabarau. Can sai babbanmu ya gyara murya ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan shi ne hangen nesa." Shi ke nan, muka naɗe hannun riga muka hau jigilar kwalabe, har da rige-rige.

Akwai wasu ƙwayoyin da Uwar Kwalabe ta ajiye a firji don gudun ɓacin rana. Likitan Ƙasa ya ce a fitar da su a haɗa da sauran, a firjin za a sanyaya wa baƙi lemo. Ciyawar gindin katanga kuwa tuni ya sa an kankare ta an malala siminti, don motocin baƙi su samu wurin tsayawa. Abin da ya rage bokiti ɗaya ne na dagwalon gindin kwalabe da bai samu wuri a tukunya ba. Ya nuna shi da bakin takalmi ya ce wa Baba mai shara, "A ɓatar mini da wannan inda ido ba zai gani ba." Baba ya share ragowar irin masarar da ya zube a ƙasa ya zuba a ciki, ya ɗauka ya fita.

Da Uwar Kwalabe ta dawo ta ga kwalabe jere, ruwa garau kamar na sha, ba ta yi ihu ba. Zama ta yi a kan kujera ta yi ta hawaye shiru. Kunya ta kama mu, sai dai ba ta kai ta hana mu sa sababbin kaya washegari ba.

Taro ya yi taro. Aka shimfiɗa darduma daga siminti har bakin fili don kada a samu tsautsayi. Likitan Ƙasa ya yi jawabin awa biyu.

"Yau ƙasa za ta san ta haɗu da likitanta! Abin da kuke gani a kwalbar nan runduna ce, kuma kun ga tarbiyya, ko motsi ba sa yi sai da izinina."

Gaskiya ya faɗa, ba sa motsi. Ya tsiyaya ruwan da sabuwar buta, aka ɗauki hoto, muka tafa.

Mako shida aka yi. Masara ta leƙo, ta yi rawaya, ta kwanta, daidai da ta ɓangaren da ba a zuba wa komai ba. Hukumar rajista ta dawo da samfurin da ya aika, da 'yar wasiƙa mai ladabi cewa sun duba sun sake dubawa, ruwa ne mai tsabta ƙwarai. Likitan Ƙasa ya rame. Ya daina kallon ƙusa, ya ma juya kujerarsa tana fuskantar taga. Ya kafa kwamitin gano wanda ya yi zagon ƙasa, ya naɗa mu bakwai a ciki. Mun yi zama huɗu, kuma muna dab da ɗora laifin a kan yanayi.

Sai wata safiya muka ji ihu daga ban-ɗakinsa. Ya fito yana huci, bel a hannu.

"Wane marar mutunci ne ya shuka daji a bayan ban-ɗakina? Ganye har ta taga, yana shafa mini ƙeya! A sare shi yanzu-yanzu!"

Kafin ya rufe baki mun ɗauko adda. Da muka zagaya, abin da doka ta hana mu shekara da shekaru, sai muka ci birki. Masara ce tsaye ta fi mutum tsawo, koriya shar, a kan ƙasar nan dai mai dalma. Baba mai shara ya sosa kai ya ce, "Ranka ya daɗe, ka ce inda ido ba zai gani ba. Na duba duk cibiyar nan, nan ne kaɗai ba mai zuwa."

Babbanmu ya riga ya ɗaga addar, don umarni umarni ne. Uwar Kwalabe ta sha gabansa ta ware hannu.

"Malam, in ka sare ta, da ni za ka haɗa."

Ta durƙusa ta tona gindin masarar da yatsunta, ta kai ƙasar hanci. Warin safa ya bugo. Ba mu taɓa ganin mutum yana dariya da kuka a kan wari ba sai ranar.

Cikin wata biyu ta sake cika kwalabenta, masu lambu suka fara karɓa suna gwadawa a gefen filayensu. Likitan Ƙasa ya mayar da kujera tana kallon ƙusa. Ya sanar cewa dama dabara ce, ya ɓoye zaɓaɓɓun ma'aikatansa a kusa da shi ne don tsaro. Muka tafa.

Sai dai hukumar rajista tana da ƙa'idar da ba ta lanƙwasuwa. A takardar shaida layi biyu ne: sunan ƙwaya, da ainihin wurin da aka ɗebo ta da rai. Ya so a rubuta "harabar ofishin shugaba". Uwar Kwalabe ta ce, "Ranka ya daɗe, ai na riga na aika. Har da awo na sa, don kada su ce ba mu da tsari."

Takarda ta iso da manyan harufa. Layin sama ya ce: Ƙwayar Likitan Ƙasa. Layin ƙasa ya ce: An samo ta a bayan ban-ɗakinsa, taku biyu daga bututu.

Ya daɗe yana kallonta. Ya ɓoye ta, ba zai iya ba, ga sunansa ɓaro-ɓaro, ga ƙusa ta yi wata da watanni tana jira. Ya naɗe ƙasan, hatimi yana wurin. A ƙarshe ya rataye ta, ya kira mu bakwai ya jera mu a jikin bango, ya auna tsawon kowa da idonsa, ya ga kan kowannenmu yana kaiwa daidai layin ƙasa.

Yanzu in baƙo zai shigo, ɗayanmu yakan tsaya a gaban firam ɗin, hannu a baya, yana murmushi, ba ya motsi sai da izini. An yi jadawali an manna a ƙofa. Mai ba ku wannan labari, da digirinsa biyu, Laraba ce ranarsa.