Rasuwar Jumel, Madubin Sarjan Ari

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido mai cike da hayaƙi, iyalan Sarjan Ari na unguwar Birni ke sanar da jama'ar Damagaram rasuwar Jumel, madubinsa na hangen nesa, ana sauran kaɗan a shiga azumin farko bayan samun mulkin kai.

Marigayin ya zo ƙasar nan rataye a wuyan Sarjan, shekarar da aka sallame shi daga soja. Biyu aka nuna masa a Dakar: wani siriri mai jawo ƙudan da ke hancin raƙumi, da wannan mai faɗin ido. Sarjan ya ce shi ba ƙuda ya zo kallo ba, a ba shi mai haɗiye sama gaba ɗaya.

Bai kuwa yi zaɓen banza ba. Ayarin raƙuma bai taɓa shiga Zango Jumel bai riga dillalai gani ba. Ya ƙirga taurarin Kaza da 'ya'yanta, ya duba geron hanyar Hamdara daga kan soro. Bai taɓa ɗaga murya ba, sai ɗan ƙir-ƙir in ana murza cibiyarsa. Babban aikinsa dai duban jinjirin wata. Shekara da shekaru Sarjan ne ke fara cewa "Ga shi can!" alhali kowa ya san idonsa ba ya bambance akuya da tulu. Wannan girman kaɗai ya rage wa tsohon, kuma wallahi yana ji da shi.

Ciwon ajali ya faro daga ƙauna. Matar Sarjan, Ya Falmata, 'yar Barno ce, ba ta barin ko tsumma bai sha turare ba. Ta ji marigayin na warin rima, ta ɗora shi bisa kaskon turaren wuta, ta lulluɓe da zane. Hayaƙi ya shige ciki ya zauna daram.

"Haba Malam," in ji ta, "ai ko rigarka haka nake mata!"

Alkasum mai gyaran agogo ya buɗe, ya hura, ya girgiza kai. Sarjan bai yi faɗa ba. Tuwo kawai ya ƙi ci.

Marigayin ya bar jakar fata, da igiyar wuya, da murfi ɗaya. Ɗayan tuni akuya ta haɗiye shi. Ya tafi makaho, amma ba a taɓa ganin gawa mai ƙamshinsa ba.

Za a binne shi a akwatin ƙarfe, ƙarƙashin rigar soja. Zaman makoki bisa soron gidan, ranar duban wata, da magariba. Ya Falmata na roƙon duk wanda Allah ya nuna wa watan, don girman Allah ya haɗiye murnarsa, ya matso ya ɗan juya kafaɗar Sarjan wajen. A bar shi ya ce "Ga shi can!"