Yaƙin Ƙasimu da Guzan Kicin

Da sunan Wanda ya halicci mai ƙafa biyu da mai ƙafa huɗu, ya kuma ga dama ya haɗa su gida ɗaya a Kaduna. Wannan tarihin sadauki ne, Ƙasimu ɗan Tanimu, ɗan Barau mai kibiya ɗaya, ɗan Sarkin Baka Jatau wanda ɓauna ke jin tarinsa ta sake daji. Ƙasimu garkuwar Badarawa, dodon fayil-fayil, mataimakin darakta, mai digiri biyu da hawan jini ɗaya.

A shekarar da damina ta cika kwatocin unguwa, abokin gaba ya ɓullo. Guza ne, tsawonsa ya kai taɓarya. Ya biyo kwata, ya kutsa ta ramin da ruwan wanke-wanke ke fita, matar sadauki Hajiya Hindatu ta same shi da hantsi a tsakiyar kicin, kansa cikin kwanon ƙwai. Ya ɗago ya dube ta. Ya ci gaba da abin da yake yi.

Kafin azahar ta haɗa akwati.

"Abban Sadiya, ko ni ko shi. Ina gidan Yaya Ladi. Ran da baƙonka ya tafi ka zo ka ɗauke ni."

Kwana tara gwarzo ya yi a kan shayi da burodi. A rana ta goma, da ya ga wandonsa ya fara sauka ba da izini ba, ya ƙulla azamar yaƙi. Ya wasa adda, ya kira ƙanwar ubansa, Gwaggo Delu, a ƙauye, don ta sa masa albarkar magabata.

"Guza?" in ji Gwaggo. "Kai Ƙasimu, boko ya cinye maka kai? Guza ai kan gidanmu ne! Shi ya kai Jatau bakin ruwa ran da ƙishirwa ta kusa kashe shi, ya rantse zuriyarsa ba za ta zubar da jinin guza ba. Ka sare shi ka ga yadda fatarka za ta koma."

"Gwaggo, wannan ai camfi ne."

"To sare shi mana."

Ƙasimu ya yi karatu har ƙasar waje, ba ya yarda da camfi ko kaɗan. Ya ajiye addar. Ya ɗauki buhu.

Ranar Asabar da hantsi ya yi ɗamara irin wadda ba a taɓa gani ba tun da aka yanka filayen unguwar: hular kwanon maƙwabci a ka, takalmin ruwa a ƙafa, murfin tukunyar biki a hagu, tsintsiyar kwakwa a dama, buhun shinkafa rataye a wuya. Ya jera ƙwai shida daga bakin rami zuwa tsakar gida, ya laɓe bayan durom, yana jira yana shan maganinsa. Abokin gaba ya fito cikin isa da ƙasaita, yana zaro harshe yana mayarwa, ya bi ƙwan nan ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba faretin girmamawa.

"Sai ni jikan Jatau!" sadauki ya yi kururuwa. "Sai ni mai sa hannu fayil ya motsa!"

Aka gwabza. Ƙasa ta girgiza, bokitai suka tarwatse, igiyar shanya ta tsinke, kajin maƙwabta suka yi hijira, guza ya kumbura wuya ya yi huci, ya kaɗa bindi ya zabga wa gwarzo bulala a ƙwauri, irin wadda rabonsa da ita tun aji uku na firamare.

"Wayyo Allah!" in ji jikan Jatau, ya ja da baya bisa hikimar yaƙi har saman durom.

A wajen hawan ne buhun ya faɗi. Guza kuwa ya ƙoshi, rana ta yi zafi, ya ga wuri mai duhu. Ya shiga ya kwanta. Haka Allah ya kawo fatahi mabayyani.

Sadauki ya ɗaure bakin buhu, ya jefa fursuna a but ɗin tsohuwar motarsa, ya nufi bakin kogi yana tuƙi da hannu ɗaya. Can ya tsaya a gaɓa, ya gyara murya, ya karanta wa motar hukuncin kora daga ƙasa, tare da tunatarwa cewa an cika alkawarin kakanni. Ya buɗe but.

Buhu na nan. An yaga gindinsa.

Ya ɗaga safaya taya. Ya leƙa ƙarƙashin mota. Ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can. Daga nan ya kira majalisar shawara shi kaɗai, yunwa na cinsa, aka cimma matsaya ba hamayya: abokin gaba ya faɗo a hanya, wajen ramukan Kawo. Ta inda ya faɗo, majalisa ba ta bincika ba.

Ya ɗauko waya. "Hajiya, an yi nasara."

"Ka ga shigarsa ruwa da idonka?"

"Ke dai ki shirya, ga ni nan."

A gidan Yaya Ladi ta shigo gaban mota tana ƙamshin turare. A hanya ta sa ya tsaya, ta sayi kaza, da kayan miya, da kiret ɗin ƙwai, aka ɗora a kujerar baya. Ƙasimu yana tuƙi yana ba da labarin gumurzu, guzan yana ƙara tsawo a kowace danja. Bai ji ƙaramar ƙarar da ke tashi a bayansa ba, don zuciyarsa na kan miyar kaza.

A ƙofar gida ya fita da sauri ya buɗe get, ya zagayo ya buɗe ƙofar baya don ɗauko kaya. Guza ya sauko a tsanake, gwaiduwa a baki. Ya ratsa tsakanin ƙafafun sadauki, ya shige gida, ya yi kwanar kicin.

Hajiya Hindatu ko bel ba ta kwance ba.

"Abban Sadiya, ba ka kashe motar ba, ko?"

"Ban kashe ba."

"Juya, sai gidan Yaya Ladi."

Ya juya.