Ranar da Na Dafa Motar Abu Nasir

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na dafa motar maigidana a gaban rabin Hausawan Doha ba. Ko da na so in manta, akwai mutanen da suka ɗaukar wa kansu aikin tuna min kyauta. Kuma har yau idan abin ya faɗo min a rai, haushi ne yake riga kunya isowa.

Ni direba ne. Kafin in zo Qatar na yi shekaru ina jan haya tsakanin Gusau da Funtua, da irin motocin da sai ka yi bismillah da ƙarfi kafin ka murɗa makulli. A nan kuwa ina aiki a gidan kafil ɗina, wato maigidan da ya tsaya min na zo ƙasar, Abu Nasir, dattijo mai kirki wanda Allah ya jarrabe shi da son wata tsohuwar motar Amurka, baƙa wuluk, mai fulogi takwas. Idan aka tayar da ita, tagogin maƙwabta sai sun amsa. Tun zuwana ya gaya min, yana murmushi amma ba da wasa ba, cewa duk abin da na ɓata a gidan zai yafe, ban da injin motar nan. Ranar da ya ƙone a hannuna, ranar zan haɗa jakata. Ni kuwa bakuna da yawa ne a Gusau suke ci daga wannan aikin.

Rigimar ta faro ne a Sanaiya, unguwar garejoji. Motar tana yawan ɗaukar zafi a cunkoso, sai bakaniken Abu Nasir, wani ɗan Siriya da ake kira Mu'allim Jamil, ya ba da shawarar a cire famfon ruwan da ta zo da shi, wanda fambel, wato bel ɗin inji, ke juyawa, a sa na lantarki. Ni da aka zo da ni don in riƙe makulli, sai na tsoma baki da gurgun Larabcina (tsoma baki ciwo ne a danginmu, mun gada).

"Mudir, kar ka yarda," na ce wa Abu Nasir, haka muke kiran maigida a can. "Famfon fambel, muddin inji na juyawa, ruwa na juyawa. Ba ruwansa da waya, ba ruwansa da batir. Wannan na lantarkin, waya ɗaya ta yi gardama, shi ke nan."

Jamil ya goge hannu, ya dube ni sama da ƙasa. "Ya akhi, a danja inji yana juyawa a hankali, famfonka ma a hankali, ruwa ya tsaya yana tafasa. Nawa gudunsa ɗaya, ko kana tsaye ko kana tafiya, kuma ba ya rage wa inji ƙarfi. Idan ma ka kashe mota, zai ci gaba da zagaya ruwa har ta huce, sannan ya tsaya da kansa."

"Da kansa?" na ce, na yi dariya har da tafa hannu. A duk motocin da na sani, babu abin da ke tsayawa da kansa sai inji a tsakiyar daji.

"Khalas," in ji Abu Nasir, wato magana ta ƙare. "A sa na lantarki."

Na cika na yi fam. Mutumin da ya taɓa ɗinke fambel da igiyar buhu a hanyar Tsafe ya kai fasinja gida lafiya, yau shi ake yi wa khalas kamar yaron shago.

Ana nan sai aka ɗaura auren abokina Sani a Funtua. Mai gadi ne a wani ofis a Mushairib, bai samu hutu ba, wakili ne ya karɓar masa. Mu kuma muka shirya masa walima a bakin teku a Wakra, kusa da kasuwa: darduma, shinkafa, rago. A wurin shiri na cika baki cewa zan kawo ango a motar da ko a mafarki ba su taɓa shiga ba. Na roƙi Abu Nasir. Ya daɗe yana juya makullin a hannu kafin ya miƙo min, ya ce in tuna da maganarsa.

Na isa masaukin Sani a Wakra bayan La'asar, da kayan aiki a jikina, shaddata a leda. Na kashe mota, na zare makulli, sai na ji wani abu yana "zuuuu" a ƙarƙashin bonet. Na ɗan tsaya, bai daina ba. To, a nan nake so a yi min adalci. A tasharmu, duk direban da ya san kansa, idan ya ajiye mota sai ya cire kan batir, in zai tashi ya mayar. Abin da ke ƙara bayan an zare makulli, batir yake sha, wannan ko kwandasta ya sani. Kuma babu wulaƙancin da ya kai a ga ango da babbar riga yana turin mota, motar ma otomatik wadda turi ba ya tayar da ita. Sai na buɗe bonet, na bi sabuwar wayar Jamil har inda fis ɗinta yake, ɗan abin nan da wuta ke bi ta kai ga famfo, na zare shi. Tsit.

Sani yana tsaye a bakin ƙofa da burushi a baki. "Direba, me ka cire?"

"Ɓarawon batir ne na kama. In za mu tashi zan mayar da shi."

Na jefa fis a aljihun wandon aiki. Muka shiga ciki, na yi wanka, na saka shadda, na kafa hula, aka yi ɓarin turare, aka yi hotuna. Wandon aikin kuwa na rataye shi a ƙusar bayan ƙofa, cikin natsuwa.

Muka fito, na murɗa makulli, inji ya yi gurnani. Da famfon fambel ne, da babu abin da zan tuna, shi ne zai tuna wa kansa. Na lantarkin kuwa yana can kwance shiru, kuma ƙarar injin ta isa ta rufe shirun gari guda. Tafiyar ba nisa, amma na tsawaita ta. A kowane shatale-tale sai na taka mai don masu kallo su san an yi aure.

"Direba," in ji Sani, "wannan allurar zafin inji ba ta yi sama da yawa ba kuwa?"

"Ango, ka ji da aurenka, ka bar min mota. Haka motocin Amurka suke, jininsu da zafi."

Wani wari mai zaƙi-zaƙi ya fara shigowa, kamar sukari ya kama a tukunya. Na ɗauka turaren ango ne, har na ce a raina Sani bai iya zaɓe ba.

Muka iso. Jama'a sun cika: masu gadi, direbobi, likitoci, injiniyoyi, kowa ya ɗaga waya. Wani ma ya kira gidan amarya a bidiyo, mata a Funtua sun fara guɗa. Na tsaya daidai gaban darduma, na ce bari in yi musu ta ban kwana, na taka mai har ƙasa. Sai "fuuum!" Tiyon lagireto ya fashe, tururi ya turnuƙe, koren ruwa ya malalo ya nufi wajen shinkafa. Ango ya tattare babbar riga ya yi waje, ya bar takalmi ɗaya a mota. Guɗar da ke cikin waya ta koma salati.

Mai hankali a nan zai yi shiru. Ni kuwa wallahi na manta da fis sarai, abin da ya zo min kawai shi ne gaskiyata ta fito. Na kira Abu Nasir, na sa wayar a sifika don kowa ya shaida. "Mudir, ban faɗa ba? Ga famfon Jamil nan ya kashe mana mota!" Kafin su iso, na tara injiniyoyi ina yi musu karatu a kan fambel, ina nuna bonet da ɗan yatsa, ina tsine wa duk wanda ya fara haɗa ruwa da lantarki. Wasu har suna gyaɗa kai.

Abu Nasir ya iso tare da Jamil, fuskarsa ba annuri. Jamil ya jira tururi ya lafa, ya leƙa, ya bi wayarsa da hannu, sai ya tsaya. "Ina fis?"

"Kun ji ko!" na ce, na juya ga jama'a. "Ko fis ba su sa ba! Aikin ke nan!"

Sai Sani, da takalmi ɗaya a ƙafa, cikin muryarsa ta mutanen kirki, ya ce, "Direba, ba shi ne ɓarawon batir ɗin da ka sa a aljihun wandonka ba?"

Hannuna ya tafi aljihun shadda da kansa. Carbi na taɓo. A take na ga wandon nan a idona, yana rataye a bayan ƙofa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Abin da ya fi ƙona min rai, Abu Nasir ba ya jin Hausa, da an yi shiru da na samu lokacin shirya bayani. Amma wani likita mai son taimako ya matso ya fassara masa, dalla-dalla, har da "ɓarawon batir". Wa ya aike shi? Daga cikin wayar da ba a kashe ba kuma na ji wata tsohuwa a Funtua tana tambaya, "Wai wane ne ɓarawon?"

Abu Nasir ya juyo gare ni. Ya miƙo hannu, na sa masa makulli. Aka ɗora motar a kan babbar mota zuwa Sanaiya, ni kuma na zauna a gefen darduma. Kwanakin da suka biyo baya ban san ɗanɗanon abinci ba. Na yi ta duban jakata a saman kabad, ina tsara yadda zan gaya wa mutanen gida cewa wani abu da bai kai ƙwayar dabino ba ne ya dawo da ni.

Da maigida ya neme ni, a garejin ne. Jamil ya ce tiyo ya tafi, gaskit ya tafi, amma inji ya sha da ƙyar. Abu Nasir ya dafa kafaɗata. "Ba za ka tafi ba. Kuma ka ci gardama, na ce a mayar da famfon fambel."

Har na fara buɗe baki in ce alhamdulillahi, gaskiya ta yi halinta, sai ya ƙarasa. "Mun tattauna da Mu'allim. Na lantarki ya fi dacewa da motar, na fambel ya fi dacewa da direban. Babu abin da ke jikinsa da zai shiga aljihu. Yalla, ɗauki makulli."

Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya, ina tafasa a ciki. Aikina ya tsira, kuma ban taɓa cin gardamar da ta yi min ɗaci irin wannan ba. Har gobe ina nan a kan bakana cewa famfon fambel ya fi, sai dai yanzu duk majalisar da na fara faɗa, dariya ba ta bari in kai ƙarshe. Darasin da na ɗauka dai guda ne: idan na ji mota tana wata ƙarar da ban gane ba, abin da zan sa a aljihu shi ne hannuna.