Zaren da Tela Ya Ja

"Lafiya lau, in wannan ma lafiya ce," in ji tsohon tela, bai ko ɗago kai ba.

Taubashiyarsa ce ta shigo shagon, 'yar kawunsa da tun suna yara take kiransa bawanta. Rigar da ta kawo gyara ta zo karɓa, sai ta tarar da keken ɗinki a rufe, shi kuma yana durƙushe gaban wani kwali. A ciki kyanwar marigayiya matarsa ce kwance, ta rame, gashinta ya cukurkuɗe.

"Bawana, wa kake gaisarwa a ƙasa? Ga uwargijiyarka a tsaye."

"Uwargijiya mai haƙora huɗu? Kyanwar nan ta fi ki haƙori, ta fi ki kunya."

Ta ce bara ya ɗinka mata riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ya ce rigar daidai take, hannuwanta ne aka ɗauko daga mutum biyu. Ta jira ya yi dariya yadda ya saba, bai yi ba.

Sannan ya faɗa mata. Kwana uku kyanwar ba ta ci ba, sai amai, sai ɓuya ƙarƙashin tebur. Ashe zare ta haɗiye cikin wasa. Jiya ya hango bakin zaren a gefen bakinta, shi kuwa shekara arba'in hannunsa bai taɓa ganin zare na lilo ya ƙyale ba. Ya ja. Likitan dabbobi ya ce zare irin wannan ba a jan sa, jan ne ya yayyanka hanjinta, kuma ta tsufa, jikinta ba zai ɗauki aiki ba.

"Ita kaɗai ta rage da ke juyowa in na buɗe ƙofa," ya ce. "Ita matata ta bar mini, ni kuma da hannuna na cuce ta."

Taubashiyar ta leƙa cikin kwalin. Can ta ce dama ta sha faɗa cewa bawanta bai iya sana'a ba.

"Yau kam kin yi gaskiya."

"Kai, ba haka ake yi ba. Ramawa za ka yi."

"Babu abin ramawa."

"To na sallama, ka ci. Na 'yanta ka."

Ta cire mayafinta, sabo fil, ta ninka, suka ɗaga kyanwar a hankali suka kwantar a kai. Ta zauna a ƙasa kusa da shi, gwiwoyinta na ƙara.

A gefen mayafin wani ɗan zare na lilo. Hannun tela ya tafi da kansa, ya tsaya a hanya, ya dawo kan kyanwar.