Yadda Za Ki Hana Masu Ta'aziyya Shan Gahawar Mijinki

Sunana Zumreta, daga garin Visoko. Aji huɗu na yi a makaranta, amma a wannan fanni babu malamin da ya kamo ƙafata. Idan mijinki ya rasu ya bar kwalba ɗaya ta gahawar da ya soya da hannunsa, ga gida ya cika da mata kowacce tana jiran finjali, to ki bi matakan nan. Na yi miki alkawari ko ƙwaya ɗaya ba za ta shiga cikin kowa ba. Na gwada da kaina.

Mijina Shefik duk Alhamis yake suyar gahawa a tsakar gida, yana juya gwangwanin suya a kan garwashi yana faɗa da hayaƙi. Ta mako ɗaya kawai yake soyawa. Ya soya ran Alhamis, ya rasu ran Asabar.

Mataki na 1: Ɓoye kwalbar kafin ki fara kuka

Kuka zai jira ki, maƙwabta ba za su jira ba. Kada ki sa ta a kabad, domin matan da suka zo taya ki aiki sai sun buɗe kowace ƙofa da sunan neman cokali. Ni a cikin takalminsa na lokacin sanyi na cusa ta, na ƙafar hagu. Babu mai gaisuwar da ke leƙa takalmin mamaci.

Mataki na 2: Karɓi gahawar ta'aziyya hannu bibbiyu

Kowace mace za ta shigo da ƙunshin niƙaƙƙiyar gahawa da kwalin sukari, kamar yadda aka saba. Ki sani, babu wadda ta saya. Daga gidan makoki zuwa gidan makoki suke yawo. Akwai ƙunshin da na gane da idona: ni na kai shi gidan Hajrija shekara uku da suka wuce, ga ma tabon maiƙon gurasar pita na babban yatsana a jiki. Wannan gahawar ta fi limaminmu halartar jana'iza.

Ita za ki dafa musu. Su suka kawo, su sha abinsu.

Mataki na 3: Yi ƙarar niƙa

Duk unguwa ta san a gidanki ba a shan ta kanti, don haka dole a ji kina niƙa. Ki rufe ƙofar kicin, ki zuba busasshiyar masara a injin hannu, ki murza da ƙarfi kina nishi. Amma ki kula da inda garin zai tafi. Ni ranar addu'ar bakwai na manta na juye shi a jezwa, 'yar tukunyar dafa gahawa. Nizama maƙwabciyata ta shanye, ta lashe baki ta ce, "Wallahi Zumreta, gahawar gidan nan har ƙosarwa take yi."

Mataki na 4: Nemi wanda za ki ɗora wa laifin kumfa

Sabuwar suya, da ruwan zafi ya taɓa ta sai ta taso ta kumbura kamar an zage ta. Tsohuwa kuwa kwanciya take yi, baƙa wuluk, tana kallonki. Idan aka tambayi kumfa, ki ce ruwan famfo ne ya canja. Idan ba a yarda ba, ki ce murhu ne. Idan aka matsa, ki fashe da kuka. Wannan bai taɓa ba ni kunya ba, kuma ba sai kin ƙirƙira ba, yana nan kusa.

Mataki na 5: Yi hattara da hancin yayar miji

Tawa sunanta Munevera. Shekara arba'in da uku ina gidan ƙaninta, har yau amarya take ce mini. Ta ɗauki finjali, ta tsoma sukari ta gatsa, ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye.

"Amaryarmu, wannan suyar wace gwamnati ce?"

"Ta Shefik ce, Yaya."

"Ke, ji tsoron Allah. Ko yana cikin kabari ya fi haka iya suya. Ran Alhamis na jiyo ƙanshi tun daga bakin gada. Ina take?"

"Ta ƙare."

"A kwana biyu? Wanka kuka yi da ita?"

Na koma mataki na huɗu, na yi kuka. Ta miƙo mini hankici, ta ce, "Finjali ɗaya nake so, ba gida na ce ki raba da ni ba. Ni na goya shi." Na ce ai da akwai da na ba ta.

A nan ake gane ƙwararriya. Kada ki tausaya. Finjali ɗaya cokali ɗaya ne, kuma wanda zai ƙaro ba ya nan.

Mataki na 6: Duba dukiyarki kullum

Da kin idar da sallar asuba, ki ciro kwalbar, ki buɗe, ki zura hanci. Ƙanshin rigarsa ne na ranar Alhamis. Ki rufe. Da hantsi ki sake dubawa ko tana nan. Bayan azahar ma haka. Kada ki dafa ko kaɗan, domin abin da aka dafa ya ragu. Ni nakan buɗe sau goma a yini, wani lokacin in bar ta a buɗe a cinyata muna hira.

Mataki na 7: Ci nasararki

Washegarin arba'in gida ya yi shiru. Na wanke jezwarsa, na niƙa ta gaske, na zuba ruwa na tsaya jira. Ba ta taso ba. Na kai hanci, ba komai, sai ɗan warin takalmi.

Ina tsaye haka Munevera ta turo ƙofa, ta zo karɓar farantinta. Ta dubi kwalbar, ta dubi takalmi ɗaya a kan tebur.

"Na hagu," in ji ta. "Na dama na laluba."

Ta zauna ta zuba wa kanta ba tare da an ce bisimilla ba. Ta kurɓa, ta daɗe ba ta haɗiye ba.

"Kin kashe ta, amarya. Mutumin da ba ya yarda gahawa ta kwana takwas."

"Na sani, Yaya."

"Da kin ba mu a makon farko, da duk mun sha ta da daɗinta."

"Na sani."

Ta shanye har laka, ta share ido da bakin ɗankwali, ta turo mini finjalin.

"Ba daɗi ko kaɗan. Ƙaro."

Sanarwa

Alkawarin da na yi shi ne babu mai ta'aziyyar da za ta sha gahawar mijinki kafin arba'in, kuma na cika. Ban ce ke za ki same ta ba. Duk wadda ta bi matakan nan ta wayi gari da cikakkiyar kwalba da ba ta ƙanshin kowa, kada ta zo ƙofata da ƙorafi. Idan kuma ta zo, ta taho da nata finjalin, akwai sauran ta Hajrija.