Allurar da na yi wa Oroji alkawari

Ba za ni taɓa mantawa da shekarar da bakina ya yi ambaliya ba, alhali gulbin Sabon Birni ya ƙafe ƙaf. Shekara ta biyu ke nan ana fari. Ruwan sama ya ɗauke daidai lokacin da gero ke shirin fidda kai, ya bushe a tsaye. Ni tela ne, kuma wanda bai ci ba ba ya kawo ɗinki, don haka keke ya huta, baki ya karɓi aiki. (Waɗanda suka san ni sun ce in na ga ƙadangare da safe, kafin azahar ya zama kada, kafin la'asar ya ci mutum biyu.)

Ina da ɗiyar yayata, Saratu, da ke binciken ciwon daji a ƙasar waje. Wata rana ta yi mini bayanin aikinta a waya. Wai wani irin rini suke haɗawa, a yi allurarsa, ya bi jini ya je ya maƙale a jikin ƙarin daji. Sai a haska wani haske da idon mutum ba ya gani, kyamara ta ɗauka, ƙarin ya fito yana ƙyalli, a san inda ya fara da inda ya tsaya. Ta ƙara wasu maganganu bayan wannan, amma ni tuni na yi nisa wajen tsara yadda za ni ba da labarin.

Washegari a majalisar ƙofar shagona na gyara zama. Na ce ɗiyata ta gama da ciwon daji. Allura guda, ciwon ya kama haske kamar tocila, likita ya sa ɗan tsinke ya cire shi kamar ƙaya, majinyaci ya koma gida da ƙafarsa ya nemi tuwo. Aka yi ta dariya, aka ce Bagobiri ya fara.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba: Oroji, aminina, makiyayi daga wajen Kurawa. Matarsa Hajo ta shekara ashirin tana kawo mana nono gida. Da jama'a suka watse, ya matso yana zane a ƙasa da sandarsa.

"Ɗiyag ga taka, yaushe za ta zo?"

"Bikin ƙanenta, nan da wata biyu. Mi, Bahillace, shanunka za a yi ma allura su riƙa haske?"

"A'a. Mutanen gida ne ba su jin daɗi. Kaɗan."

Da ina da hankali ko na ɗan tsako, nan ya kamata in tsaya. Bafulatanin da ya buɗe baki ya ce matarsa ba ta jin daɗi kaɗan, to abin ya wuce kaɗan da nisa. Amma na bugi ƙirji na ce, "Kawo ta! Ni ne kawun Dakta, ba sai kun bi layi ba."

A watannin nan 'yan'uwansa suka kora shanu kudu neman ciyawa. Oroji bai bi su ba. Ina ganinsa ranar kasuwa, ina tsokanarsa cewa tsufa ya hana shi tafiya. Ya yi murmushi kawai. Shanunsa na faɗuwa ɗai-ɗai, bai taɓa faɗa mini ba.

Ranar walima ina tsakiyar baƙi, na sha babbar riga, ina raba shinkafa da labari, sai ga amalanke ya tsaya a ƙofar gida. Bijimin da ke jansa kana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa. Hajo na kwance a kan tabarma, ta rufe ƙirjinta da zane. Wallahi ban gane ta ba.

Aka kira Saratu. Ta durƙusa ta gaida Oroji, ya amsa, sannan ya ce, "Mun zo allurar nan mai haske."

Ta juyo ta dube ni. "Kawu, mi kac ce musu?"

Na kau da kai ina gyara hula.

Ta sassauta murya. "Baba, ni ba likitar mutane ba ce. Namu rinin har yanzu a jikin ɓeraye muke gwada shi. Kuma ko ya kai ga mutane, nuna ciwon yake yi, ba kashe shi ba. Kun je asibiti?"

Oroji ya ciro wata takarda daga aljihu, ta yi laushi don naɗewa. Daga asibitin garin Isa ce, an rubuta a kai Hajo Sakkwato cikin gaggawa. Saratu ta duba kwanan watan, ta sake dubawa.

"Baba, wannan ai ta kusa wata uku."

"Mun ce mu jira likitarmu ta gida," in ji shi.

Baƙi duk suka zubo mini ido, har masu cin shinkafa. Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige da babbar rigata ban tsaya cire takalmi ba.

Saratu ta bar bikin ƙanenta ta raka su Sakkwato a ranar. Likitoci sun yi abin da za su iya. Ta ce mini ko da an je da wuri, Allah kaɗai ya san yadda za ta kasance. (Na san don ta tausaya mini ta faɗa.) Hajo ba ta ga damina ba.

Na je ta'aziyya rugarsu, na zauna can gefe kamar ɓarawon da aka kama. Da mutane suka ragu, na ce, "Oroji, ka yafe mini. Bakina ne."

Ya ɗago kai ya dube ni. Sannan ya ce, "Bagobiri, tun da anka ba mu takardag ga ba ta yi barci ba. Da na kai mata labarinka, wata biyu tana barci. Kwananta ne ya ƙare."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ban daina ƙarin gishiri ba, kada in yi muku ƙarya. Mai hali ba ya barin halinsa. Sai dai yanzu ina zuba shi ne a kan abin da ya riga ya wuce, kamar girman kifin da na kama ina saurayi. Wannan ko an yarda, ba wanda zai zauna jiransa.