Rasuwar Dogo, Jirgin da Wanka Ya Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma takaicin da ba shi da wurin zama a cikinta, ni Na'Allah Bayauri, mai sayar da turare a unguwar Masjid India, ina sanar da jama'armu ta Kuala Lumpur rasuwar jirgina na ruwa, Dogo. Ba tsufa ne ya kashe shi ba, ba kuma hadari ba. Karambani ne, irin na wanda ya yi karatu har ya ga ya fi ƙarfin tambaya.

Marigayin ya rasu ranar Asabar da hantsi, a tafkin tsohon ramin kuza da ke bayan Sri Petaling, yana da shekara goma sha shida. Pak Daud, wani dattijon Bamale, wato ɗan asalin ƙasar nan, na unguwar Kampung Baru, shi ya sassaƙa shi da katako mai nauyi, ni ina riƙe masa ƙusa. Baƙi ne, mummuna, mai ƙarnin kifi. Amma bai taɓa ba ni kunya ba. Bai taɓa neman mai ba, bai taɓa cewa ya gaji ba. Maganarsa biyu ce tak: ƙiii in na taka shi, cuɓul-cuɓul in filafili ya shiga ruwa. In na ji wannan sai in manta da benayen garin nan, in ga kaina a bakin Kwara ina yaro. Tarwaɗa da karfasar da aka ci a sunan 'ya'yanku, shi ya kawo su.

Ga yadda jinyar ta faro. Da ruwan ƙarshen shekara ya tsananta, na ɗora shi kan turaku a ƙarƙashin gidan Pak Daud, wanda aka gina a kan dogayen ƙafafun katako, na tafi Yauri wata uku. Duk ɗan masunci ya san jirgin da ya daɗe a tudu katakonsa tsukewa yake yi, bakinsa ya buɗe. Maganinsa a bi tsagogin da tsumma da kwalta, a nutsar da shi a bakin gaɓa kwana uku ya sha ya kumbura, sannan a kwarfe ruwan a hau. Ni ban yi boko ba, amma wannan kam na haddace.

To, ina da suruki. Abdulwahidu, mijin 'yata Hadiyya, mai neman digiri na uku a kan aikin injiniya. Ya ga Dogo da ƙura da yanar gizo-gizo, sai tausayi ya kama shi. Ya ɗauko injin wankin mota mai feshi kamar bindiga, ya bi kowace tsaga ya fatattake tsumma da kwaltar da na shekara goma sha shida ina durawa. A ganinsa datti ne. Pak Daud ya leƙo ta taga yana ɗaga hannu, shi kuwa ya ce masa da yarensu, "Boleh, boleh," wato zai yiwu, "kada ka damu lah." Ya goge, ya shafa farin fenti, ya bi da man ƙyalli, har da turaren ɗaki. Garin gyaran gira aka rasa ido.

Da na dawo na gan shi, wallahi ban gane shi ba. Ya yi fes kamar gawar da aka gama shiryawa. Ka tsuguna a gefe ɗaya, kana hango ƙafar mutum ta ɗaya gefen. Suruki ba a yi masa faɗa ido da ido, sai na aika ta bakin Hadiyya: a bar min shi in toshe, in jiƙa shi kwana uku. Amsar da ta kawo min tana sunkuyar da kai ita ce, "Baba, wai ya ce bayan wannan wahalar ba za a mayar da shi cikin laka ba. Wai fentin na zamani ne, ruwa ba ya ratsa shi."

Wanda bai ji bari ba, zai ji hoho. Ranar Asabar ina shago, Abdulwahidu ya ɗauko Dogo a mota, ya ɗaura masa wani ƙaton inji a gindi, abin da Dogo bai taɓa ɗauka ba. Ya sa farar shadda, ya tsayar da abokinsa Fatihu a gaɓa yana ɗaukar bidiyo. Na kalli bidiyon sau ɗaya. Shi da Dogo sun kai tsakiya lafiya. Sai ka ga Dakta ya dubi ƙafarsa, ya cire hula yana kwarfar tafki da ita. Dogo bai yi gardama ba. Ya ɗaga hanci sama, ya ce bul-bul-bul, injin ya ja shi ƙasa. Ramin kuza ba ya mayar da abin da ya haɗiye. Wasu 'yan Indonesiya masu fatsa ne suka jawo surukin nawa da sanda, yana kiran sunan uwarsa.

Marigayin ya bar filafili biyu, da ragar birgi ɗaya ta kamun kifi, da ƙwaryar kwarfe ruwa, da Pak Daud da hannunsa ya daina riƙe gizago, da ni.

Ba za a yi salla ba, katako ne, kada wani ya ce na yi saɓo. Za a zauna karɓar gaisuwa ranar Lahadi bayan la'asar, a ƙarƙashin gidan Pak Daud, tsakanin turakun da babu kowa a kansu. Akwai shayi da shinkafa, babu kifi. Abdulwahidu ne zai riƙa zuba shayin, kuma an yarda kowa ya tambaye shi ya ruwa.

Don kada a ce ni kaɗai na yi rashi, a yi masa gaisuwa shi ma. Ya rasa injin, da tabarau, da takalmi ƙafa ɗaya, da wayar da hotunan bincikensa na wata takwas suke ciki. Makullin ɗakin kayana da na bar masa, na karɓe. Hadiyya tana gidanta, ban ce a raba aure ba. Amma daga yau, in na yi baƙi, a waje mijin nata zai ci tuwonsa.